Duhun Allon Kwamfuta Bayan An Ɗauke Wuta: A Bincika Kafin a Yanke Hukunci

Daga cikin mas'alolin da ake yawan kawo mini, musamman a farkon damina lokacin da iska ke kaɗa wayoyi tsawa kuma ke faɗa wa turaku, babu wadda ta kai wannan yawa: mutum yana cikin aikinsa a kwamfuta, ko a ofis ko a shagon buga takardu ko a ɗakin karatunsa, sai a ɗauke wuta, bayan an jima a maido da ita, ya danna maɓalli ya ji fankar akwatin kwamfutar tana juyawa kamar yadda ta saba, amma allon da ke gabansa, wanda jama'a ke kira monita, ya tsaya baƙi ƙirin bai nuna ko ɗigo ba. Abin da ke fara fitowa daga bakin mai kayan a irin wannan hali kusan kalma ɗaya ce ko'ina, wato wuta ta ƙona shi. Ni kuwa abin da nake so in tabbatar a wannan rubutu shi ne, wannan magana zato ce, ba ta kai matsayin yaƙini ba, kuma dukiya mai yawa ta jama'a da ta hukuma tana salwanta domin an gina hukunci a kan zaton nan ba tare da an nemi hujja ba.

Ba na musun cewa wutarmu tana ɓarna. Tun daga 1972 da aka haɗa hukumar lantarki da hukumar madatsun ruwan Neja aka kafa NEPA, har zuwa 2005 da aka sauya mata suna, har zuwa 2013 da aka miƙa rarraba wutar ga kamfanoni, ɗaukewa da dawowa ba su rabu da mu ba, kuma duk wanda ya girma a ƙasar nan ya san yadda ƙwai ke yin ja kamar garwashi idan wutar ta zo rabi, da yadda yake yin fari fat ya fashe idan ta zo da ƙarfin da ya wuce kima. Wutar da ya kamata ta shigo gida ƙarfinta bolt 230 ne, amma tsakanin kowaɗanne layuka biyu daga cikin ukun da ke fitowa daga taransfoma akwai kimanin bolt 400, saboda haka idan wayar nan ta huɗu da ke daidaita su ta tsinke ko ta saki, gidaje kan sami abin da ya doshi wannan adadi, alhali galibin allunan kwamfuta an rubuta a bayansu cewa abin da suke ɗauka daga bolt 100 ne zuwa 240. Wannan haƙiƙa ce. Illa iyaka, kasancewar abu yana yiwuwa bai zama dalilin cewa shi ne ya auku ba, kuma idan da wutar ta zo da irin wancan ƙarfi, da wuya a ce allo kaɗai ta zaɓa ta bar talabijin da cajojin waya da ƙwayayen da ke kunne a gidan. Don haka tambaya ta farko da mai hankali zai yi wa kansa ita ce, mene ne kuma ya lalace ban da shi, shin maƙwabta ma suna kuka?

Malaman ɗibbu na dā sun san wannan babi sarai. Abubakar ar-Razi, likitan nan na Rayy da Bagadaza wanda ya rayu a ƙarni na tara da farkon na goma na Miladiyya, daga cikin abin da ya ɗaukaka sunansa akwai risalar da ya rubuta yana bambanta agana da ƙyanda, cututtuka biyu da mutanen zamaninsa ke cakuɗawa domin dukansu suna zuwa da zazzaɓi da ƙuraje. Bai wadatu da alamar da kowa ke gani ba, sai da ya bi ƙananan alamomi ɗaya bayan ɗaya har ya raba wannan da waccan. Duhun allo shi ma alama ce guda wadda illoli dabam-dabam ke haifarwa, wasunsu a soket suke, wasu a waya, wasu a akwatin kwamfuta, wasu kuma a cikin allon kansa, kuma tartibin da ya dace shi ne a fara da mafi sauƙi da araha, a gangara sannu a hankali zuwa mafi wuya, kada a taɓa sukurdireba muddin akwai sauran abin da ido da hannu za su iya tantancewa daga waje.

Mafarin bincike shi ne ƙaramar fitilar nan da ke gefen allo ta ƙasa, kusa da maɓallin kunnawa, domin ita ce shaidar farko. Idan ba ta kama ba ko kaɗan, to, maganar ta wuta ce, ba ta hoto ba, kuma sai a bi hanyar wutar tun daga bango. A soka fitila ko cajar waya a soket ɗin a ga ko yana da rai, domin sau da yawa layi ɗaya ne ya dawo a unguwa saura ba su dawo ba, ko kuwa jerin soket ɗin nan mai doguwar waya ne ya ƙone a ciki. Bayan wannan sai filogi. Mu a Najeriya da Gana mun gaji filogin Ingilishi mai ƙafa uku, wanda a cikinsa akwai ɗan ƙaramin fis mai ɗaukar amfiya 3 ko 5 ko 13, kuma an sa shi ne musamman domin ya tsinke ya fanshi abin da ke bayansa. 'Yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar, da yake filoginsu irin na Faransa ne mai zagayayyun ƙafafu, ba su da wannan fis a ciki. Hanya mafi sauƙi ta gane ko laifin waya ne ita ce a ciro wadda ke bai wa akwatin kwamfuta wuta a soka wa allon, tun da yake a galibi bakinsu iri ɗaya ne. In kuwa fis ne ya tsinke, a sayi irinsa mai lamba ɗaya da shi. Ɗabi'ar nan ta naɗe fis da zaren waya ko takardar azurfa ta kwalin taba, wallahi ina roƙon jama'a su bar ta, domin wanda ya yi haka ya cire mai gadi ne daga ƙofa, kuma gobarar kasuwanni da muke ta jajantawa kowace shekara ba ta rasa nasaba da irin wannan sakaci.

Akwai kuma alluna na zamani, sirara, waɗanda ba sa karɓar wuta kai tsaye sai ta wata adafta baƙa mai kama da cajar kwamfutar tafi-da-gidanka, mai fitar da bolt 12 ko 14 ko 19. Mai irin wannan ya yi sa'a, domin abin da wuta za ta fara samu adaftar ce, kuma sauya ta ba ya buƙatar a buɗe komai. Sharaɗin kawai shi ne a karanta abin da aka rubuta a jikin tsohuwar, a sayi mai bolt daidai da nata ba ƙari ba ragi, amfiyarta kuma kada ta gaza ta tsohuwar. Kafin a kai ga sayen komai ma, yana da kyau a zare wayar wutar gaba ɗaya, a danne maɓallin kunnawa na kimanin rabin minti, a bar allon ya huta na 'yan mintoci, sannan a mayar. Domin a cikinsa akwai da'irar tsaro wadda kan kulle kanta idan ta ji wuta ta yi tsalle, ba ta kuma buɗewa sai ragowar wutar da ke cikinta ta tsiyaye. Alluna da dama da aka yi wa ta'aziyya sun farfaɗo da wannan kaɗai.

To, idan fitilar ta kama amma ta tsaya ruwan ɗorawa, ko tana ƙyaftawa a hankali, ko allon ya nuna ɗan akwatin rubutu na Turanci mai cewa babu saƙon da ke iso masa sannan ya koma duhu, a nan ne mafi yawan zalunci ke aukuwa, domin allon da ya iya rubuta wannan magana ya riga ya ba da shaida a kan kansa cewa wutarsa lafiya, haskensa lafiya, gilashinsa lafiya, kuma abin da yake jira kawai shi ne a aiko masa da hoto. Sai a koma kan wayar hoton, ko mai shuɗin kai ce ta VGA mai ƙusoshi goma sha biyar, ko HDMI, a zare ta ta ɓangarorin biyu, a duba ko wata ƙusa ta lanƙwashe, a mayar da kyau. A kuma duba maɓallin da ke zaɓar ƙofar shigowar hoto, domin wasu alluna idan wuta ta yanke musu farat ɗaya sukan manta ƙofar da suke kai su koma wata. Hujjar da ke yanke gardama kuwa musaya ce: a haɗa allon da wata kwamfuta, ko a haɗa kwamfutar da talabijin ɗin gida mai ƙofar HDMI. Duk wanda ya yi aiki a hannun baƙo ya kuɓuta daga tuhuma, tuhumar ta koma kan ɗan'uwansa.

Idan ta tabbata cewa akwatin kwamfuta ne bai aiko da hoto ba, to, juyawar fanka ba ta isa shaidar lafiyarsa ba. Sau da yawa sandunan ram ne, waɗanda ƙurar hunturu ta shiga bakinsu, ke buƙatar a zare su bayan an cire wuta, a goge haƙoransu masu ruwan zinariya, a mayar har a ji sun ce ƙas. Tsofaffin kwamfutoci ma sukan yi wani kuka na ƙit-ƙit a jere domin su sanar da wannan illa. Akwai kuma wani ɗan batir mai kama da kwabo a kan babban faifan ciki, lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3, wanda aikinsa shi ne riƙe agogo da tsare-tsaren farko a lokacin da babu wuta. Idan ya tsufa ba a ankara ba, ɗaukewar wuta kan shafe waɗannan tsare-tsare, har kwamfutar da ke da ƙofofin hoto biyu ta koma tura hotonta ta ƙofar da ba a soka komai ba. Alamarsa kuwa ita ce agogon kwamfuta ya riƙa komawa wata tsohuwar shekara. In kuma tambarin kamfani ya bayyana da farko, sai daga baya duhu ya biyo lokacin da Windows ke ƙoƙarin buɗewa, wannan galibi ciwon manhaja ne da yankewar wuta ta katse tana cikin rubutu.

Yanzu sai mu zo ga halin da laifin yake a cikin allon da gaske, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan dakata tare da ni, domin a nan ne bambancin da malamai ke yi tsakanin abin da ya haifar da cuta da abin da ya bayyana ta yake da amfani. A cikin kowane allo akwai faifan da ke karɓar wutar bango ya mayar da ita ƙananan ma'aunai, kuma a kan faifan akwai wasu 'yan gwangwanaye tsaye waɗanda masu gyara ke kira kafasita ko kwandensa, a cikinsu akwai wani ruwa na sinadari wanda ke bushewa da tafiyar zamani. Zafi ne babban maƙiyinsu. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage rayuwarsu da rabi, sai mutum ya ƙiyasta abin da ke samunsu a shagon kwano a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu, lokacin da zafin inuwa ma kan haura digiri 40. Abin mamaki game da kafasitar da ta tsufa shi ne, muddin tana da ɗumi tana iya jan aiki, amma da zarar ta huce sai ta kasa tayar da faifan daga barci. Saboda haka allon da ya yi makonni yana jinkirin kamawa da safe, ko yana ƙyaftawa sau biyu sau uku kafin ya tsaya, ko yana wani siririn fito a ciki, ya daɗe yana sanar da mai shi cewa ajalin waɗannan gwangwanaye ya kusa, ɗaukewar wutar nan ta ƙarshe ba ta yi komai ba face ta bar shi ya huce. An ɗora mata laifin kisa, alhali gawa kawai ta tona.

Wannan ya ƙara ƙarfi idan muka tuna irin kayan da ke hannunmu. Da yawa daga cikin allunan da ke makarantunmu da shagunanmu na hannu ne, irin waɗanda ake kira 'yan Kwatano, sun gama wa'adinsu a ofisoshin Turai da Amurka kafin su sauka a Legas su bi ta kasuwar Alaba ko ta Ikeja su iso Arewa. Daɗin daɗawa, tsakanin wajen 1999 zuwa 2007 masana'antar lantarki ta duniya ta yi fama da wata annoba ta kafasitoci da aka yi da gurɓataccen sinadari, waɗanda suka riƙa kumbura suna fashewa tun kafin lokacinsu a cikin kayan manyan kamfanoni da ƙanana, kuma tsofaffin alluna na wancan zamani har yau ba su ƙare a wurinmu ba. Mai gyara na ƙwarai yakan gane su da ido: saman gwangwanin, wanda ya kamata ya kasance a shafe, sai a gan shi ya tasa kamar zai tsage, wani lokaci da wani busasshen ruwa mai launin ƙasa a bakinsa. Gyaran kuwa bai wuce a cire su da dalma a sa sababbi masu lamba ɗaya ba, waɗanda aka rubuta wa juriyar digiri 105, a kuma kiyaye ƙafar da ke ɗaukar alamar ragi kada a juya ta. Kuɗin waɗannan 'yan abubuwa bai kai ko kusa da ushirin kuɗin sabon allo ba.

Akwai wata jarrabawa kuma mai sauƙi wadda kowa zai iya yi a gida. Idan fitilar ta nuna allon yana kunne amma gilashin duhu, ko hoto ya bayyana na daƙiƙa biyu ya ɓace, a kashe hasken ɗaki, a haska tocila a jikin gilashin daga gefe, a matso da ido kusa. In an hango inuwar rubutu da hotuna dishi-dishi, to, hoton yana nan, fitilun da ke haskaka shi daga baya ne suka mutu, ko faifan da ke ba su wuta. Wannan ma abu ne da ake gyarawa.

Amma fa ina gargaɗi da babbar murya, kuma ba don cika shafi ba. Babbar kafasitar da ke bakin shigowar wuta tana tara abin da ya haura bolt 300, kuma tana iya riƙe shi bayan an zare filogi. Tsofaffin allunan nan masu ƙaton baya kuwa, waɗanda har yanzu ake samu a wasu makarantu, ƙarfin da ke cikin tulunsu yakan kai wajen bolt 25,000. Wanda bai koyi sana'ar ba, iyakarsa murfi. Kazalika siraran fitilun da ke bayan tsofaffin alluna masu faɗi suna ɗauke da zaiba, gilashin masu ƙaton baya kuma cike yake da dalma, dukansu guba ne, saboda haka jefar da su a juji inda yara ke tsince-tsince, ko ƙona su domin a ciri jan ƙarfe, cutarwa ce ga bayin Allah waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.

Ga 'yan'uwana masu gyara kuma ina da magana, tare da girmama sana'arsu, domin na san da yawansu masu tsoron Allah ne waɗanda suka koyi aikin da wahala. Kayan da aka ajiye a teburinka amana ne, mai shi kuma jahilin abin da ke ciki ne, maganarka ita ce fatawar da zai yi aiki da ita. Idan ka ce masa ya ƙone ya sayi wani, alhali ba ka ɗora mita a kan fis ɗin ciki ba, ba ka duba kafasita ba, ka ba da fatawa ba da ilimi ba. Idan kuma ka tarar da fis ɗin ya yi baƙi ka sauya shi kawai ka karɓi kuɗi, ba ka nemi abin da ya haddasa tsinkewarsa a cikin faifan ba, ka san zai dawo maka ko ya tafi wurin wani yana zagin sana'ar baki ɗaya. Mai kaya yana da haƙƙin a nuna masa abin da aka cire, a gaya masa sunansa da aikinsa. Haka nan shugabannin makarantu da ofisoshi, waɗanda ɗakunan ajiyarsu ke cike da alluna da aka jingine an ce sun mutu, ya kamata su sani cewa dukiyar jama'a ce, kuma rubuta takardar neman sababbi kafin a kira wanda zai tantance tsofaffin israfi ne, ko da an bi dukkan ƙa'idojin ofis wajen yin sa.

Saura batun tsari, wanda ba zan tsawaita ba. Jerin soket mai kariya daga tsallen wuta yana da amfani, amma ɗan abin da ke cikinsa mai shanye tsallen yana gajiya da kowane bugu har ya daina aiki ba tare da ya sanar ba, kuma kariyarsa ba ta cika sai gidan yana da wayar ƙasa ta gaskiya, abin da gidajenmu da yawa ba su da shi. Sitabilaiza tana daidaita wutar da ta yi ƙasa ko ta yi sama a hankali, ba ta da saurin tare bugun tsawa, sai dai wadda ke da maɓallin jinkiri tana da fa'ida babba domin ba ta sakin wuta sai ta ga ta zauna. Na'urar UPS ita ce ta fi dacewa da kwamfuta, tun da tana ba mutum 'yan mintocin da zai adana aikinsa ya kashe cikin natsuwa, amma batirinta ba ya wuce 'yan shekaru, a zafinmu ma ya fi saurin mutuwa. Wanda bai da halin sayen ko ɗaya daga cikinsu, to, da zarar an ɗauke wuta ya kashe soket daga bango, idan an maido kuma ya jira minti biyar ya ga ƙwai ya tsaya da haskensa kafin ya kunna. Mai janareta shi ma kada ya tayar da shi ko ya kashe shi kwamfuta tana haɗe, kada kuma ya bari mai ya ƙare masa yana cikin aiki, domin a wannan shaƙuwar da injin ke yi kafin ya mutu wutar tana hawa tana sauka ba bisa ƙa'ida ba. In kuwa hadari ya taso ana walƙiya, kashe maɓalli bai wadatar ba, sai an zare filogin daga bango gaba ɗaya, tare da duk wata waya da ta shigo ɗakin daga waje.